Duron zoɓon Goggo: abin da na tarar da na farke hitar haɗin gida

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara goma tana sana'ar zoɓo da lamurje a Tudun Wadan Gusau. Da ita ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da ita ta aurar da 'ya'ya biyu, saura autarta mai shekara 15 da ke gabanta. Ni kuma aikin wayarin nake yi, shi na koya, shi nake ci da shi. Abin da zan bayar da labarinsa ya faru ne a azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da farkon Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, masu sayar da kayan sanyi ba sa samun ko zama.

Goggo ba ta koma dafa ruwa da lantarki don gayu ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, itace da gawayi suka bi shi. A Zamfara kuma akwai ƙarin dalili da kowa ya sani: daji ya ƙi shiguwa, masu saro itace ba sa iya nisa. Gas ya fi ƙarfin mai ƙulla zoɓo. Ga hayaƙi ya fara taɓa mata ido. Da wata maƙwabciya ta nuna mata duron da wani mai gyaran fanka da dutsen guga ya haɗa mata, ruwa na tafasa ba hura wuta ba hawaye, sai Goggo ta tara kuɗin adashi ta ce a yi mata irinsa.

Ga yadda aka haɗa shi. Shuɗin duron roba ne mai cin lita 60, an yanke samansa. Kusa da gindi an huda rami biyu da wuƙa mai zafi, an cusa kan hita biyu irin na butar lantarki, kowanne wat 2,000. Maimakon washa ta gaskiya sai aka yanko tib ɗin babur aka naɗa, aka bi da gam. Ƙasa da su, dab da gindin, an sa kan famfo na tagulla, tsoho, wanda aka taɓa like tsagewarsa da dalma. Wayoyin hitocin biyu an murɗe su wuri guda an naɗe da baƙin salatif, suka shiga siririyar waya guda, ita kuma ta shiga filogi guda, filogin ya shiga soket ɗin ja da aka janyo daga ɗaki. Waya biyu ce kawai a ciki, mai wuta da abokiyarta. Ta uku, wayar ƙasa, wadda mu masu aikin ke kira at, mai kwashe wutar da ta zurare ta kai ta ƙasa, babu ita a duron, babu ita a gidan baki ɗaya. An ɗora duron a kan wata kujerar katako a tsakar gida, kusa da magudanar ruwa, inda siminti ba ya bushewa.

Wata biyar ya yi yana aiki, kuma gaskiya ya taimake ta. Ruwa zalla take tafasawa a ciki, ta tara a bokiti ta juye kan zoɓo. Sai a wajen wata na huɗu aka fara jin wani abu. In mutum ya tsoma ludayin ƙarfe, sai ya ji tsirr a yatsu, kamar cizon cinnaka. Goggo ta kafa doka a gida: kar wanda ya taɓa ruwan sai an zare filogi, kuma a sa silifas.

A nan ne nake da nawa kason. Mako biyu kafin azumi na je gaishe ta, na ga duron, ta kuma gaya mini zancen tsirr ɗin da bakinta.

"Goggo, wannan abin bai kwanta mini ba. A daina amfani da shi sai na duba."

"Ɗana, azumi ya taho. In na aje shi da mi zan dafa? Tun da anka haɗa shi lafiya lau yake, mu dai muna kiyayewa."

Na ce to, bayan sallah zan zo da kayan aiki. Na san ma'anar wannan tsirr sarai, na kuma tafi na bar shi a jone. Har yau abin yana cina.

Da azumi ya kama, ciniki ya ninka. Masu buɗa-baki a masallatai, masu aike gidan surukai, yara masu talla da kula a bakin titi, kowa zoɓo. Don ta rage wahala sai Goggo ta fara zuba ganyen zoɓon kai tsaye cikin duron, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, su tafasa tare. Sau biyu, wani lokaci sau uku a rana, duk sa'ad da wuta ta samu. Kuma saboda sauri, akan buɗe famfo a fara tara tun hita na jone.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, azumi ya wuce rabi. An ɗauke wuta tun azahar, duron na cike da zoɓon da ya riga ya tafasa, filogi na cikin soket ba wanda ya tuna da shi. Auta ta fito daga wanke gorori, ƙafa ba takalmi, hannu a jiƙe, ta ɗauki ludayi ta tsoma tana juyawa. Tana cikin juyawa aka kawo wuta. Goggo ta ce ba ta ji ihu ba, wani irin gurnani ta ji, ta waiwaya ta ga yarinya a sandare, hannu ya ƙanƙame ludayi ya ƙi saki. Allah ya ba ta basira ba ta rungume ta ba. Taɓarya ce a kusa, busasshiya, ta ɗauka ta maka wa wayar, filogi ya fita. Auta ta sulale ta faɗa jikin duron, gefen da aka huda ya ɓarke, zoɓo mai zafi ya kwararo mata a ƙauri da tafin ƙafa.

Nan take maƙwabta suka cika gida. Wata ta kawo ɗanyen ƙwai, wata man goge baki, wani ya ce a shafa baƙin mai. Wata malamar asibiti da ke haya a layin ce ta hana, ta sa aka yi ta kwarara ruwan randa a kan ƙunar har kusan minti 20, aka rufe da tsabtataccen zane aka tafi asibiti. Wannan shi ne daidai, ruwa mai sanyi marar ƙanƙara, a daɗe ana zubawa. A asibiti ba ƙunar kaɗai suka duba ba, sun auna bugun zuciyarta, domin wutar da ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa ta ƙirji ta bi, kuma tana iya rikita zuciya. Auta ta rayu, alhamdulillahi. Ta yi sallah a kwance, tabon na nan har gobe.

Washegari na ɗauki duron na kai shagona na farke shi gunduwa-gunduwa.

Hitar farko na fara zarowa. Ƙasanta ya yi farin ɓawo mai kauri kamar ƙanzon tukunya, wanda ruwan burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke kawo musu ya bari cikin wata biyar. Samanta kuwa farin rufin da aka yi mata ya zube, jan ƙarfe ya fito fili, wurare-wurare ya yi kore, ya ciccinye kamar ƙwari sun ci. A daidai lanƙwasa na sa farce na ji tsaga, siririya kamar gashi, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Da na matsa da filaya sai wani danshi ruwan hoda ya tsattsafo.

Wanda bai taɓa fasa hita ba yana ɗauka ƙarfe ne dunƙule. A'a. Bututu ne, a tsakiyarsa akwai siririyar waya mai naɗi wadda ita ce ke yin ja idan wuta ta bi ta. Tsakanin wayar da bututun an danƙara wata farar hoda, maganisiyam oksaid, mai barin zafi ya wuce amma ta tare wuta. Ran mai tsoma hannu gaba ɗaya a kan wannan hodar yake. Ita kuma tana da hali guda: tana zuƙar danshi. Da zarar bututu ya tsage ko da kaɗan ne, ruwa ya shiga, hodar ta jiƙe, wuta ta sami hanya zuwa jikin bututun, daga nan cikin ruwa. Na ɗora mitar auna rufin waya a kanta. Hita mai lafiya ya kamata ta nuna sama da om miliyan ɗaya tsakanin waya da jikinta, om kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin tare wuta. Wannan allura ta faɗi kusan sifili.

Tsirr ɗin da aka fara ji a wata na huɗu, to, tsagar ce ta fara buɗewa. Hita mai lafiya ba ta jan mutum ko kaɗan. A gidajenmu mun saba da firji mai ja, injin niƙa mai ja, dutsen guga mai ja, har muna cewa halinsa ne. Duk abin da ya ja ka ya riga ya lalace a ciki, sai dai ranar da za a haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙafa ce ba ta zo ba tukuna. Dokar da Goggo ta kafa tana aiki ne muddin kowa ya tuna, kowace rana, har da yarinya mai azumi da ta wuni a tsaye. Kuma dokar ba ta yi tanadin wutar da ke dawowa ba sallama ba.

Me ya tsaga bututun? Abu uku ne suka taru. Ɓawon nan yana hana zafi fita cikin ruwa, sai ƙarfen ya riƙa yin zafi fiye da kima a ƙarƙashinsa. Na biyu, famfon yana ƙasa da hitocin, saboda haka duk sa'ad da aka tara ruwa wuta na jone, hita kan tsaya tsirara a iska. A cikin ruwa jikinta ba ya nisa da digiri 100, amma a bushe cikin ƙasa da minti guda takan haura ɗaruruwan digiri, sannan a kwara mata ruwan sanyi a kai. Ƙarfe ya buɗe ya tsuke, ya buɗe ya tsuke, dole wata rana ya tsage. Goggo ta tuna sau biyu an kawo wuta cikin dare duron ba ruwa, warin roba ne ya tashe ta. Na uku shi ne ya ƙarasa aikin: tsamin zoɓo. Zoɓo yana da tsami mai ƙarfi, shi ya sa wasu ke jefa masa 'yar kanwa. Tsami mai zafi yana cin jan ƙarfe, yana cin tutiya, yana cin alminiyam. Abin da ruwa zalla ya yi wata biyar yana lallaɓawa, zoɓo ya gama shi cikin mako biyu da 'yan kwanaki. Koren nan da ya zube daga jikin hitar kuma ba wani wuri ya tafi ba, cikin gororin da aka sayar ya tafi.

Da na buɗe filogin, ƙafarsa guda ta yi baƙi ƙirin, robar da ke kewaye da ita ta narke ta sake daskarewa. Inda fis ya kamata ya zauna, silin waya ne aka naɗa. Lissafin a fili yake. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Hita biyu wat 4,000 ke nan, in ka raba da 230 za ka sami amfiya 17 da ɗoriya, wato yawan wutar da ke bin wayar. Filogi mai ƙafa uku irin namu, wanda muka gada daga Ingila, iyakarsa amfiya 13. Fis ya yi ta zafi har ya ƙone sau biyu, a na uku aka ɗaure shi da waya. Siririyar wayar kuma wadda ta dace da fanka ce ko talabijin. Da ba a yi shokin ba, da gobara na nan tafe.

Amma ko da fis ɗin na nan lafiya, da bai ceci Auta ba, kuma wannan ne mutane da yawa ba su gane ba, har cikin masu sana'armu. Fis da bireka waya suke karewa kada ta kama da wuta. Jikin mutum a jiƙe ƙarfin tare wutarsa bai wuce om 1,000 ko kusa da haka ba, wato wutar da za ta bi shi ba ta kai rubu'in amfiya guda ba. Fis mai amfiya 13 ko motsi ba zai yi ba. Alhali miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, 10 zuwa 15 kacal sun isa su ƙanƙame hannu ya kasa saki, abin da ya haura 30 kuma in ya daɗe yana bin ƙirji yana iya tsayar da zuciya. Abin da ke kare mutum na'ura ce daban, RCD, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga miliamfiya 30 sun zurare ta wata hanya, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Da akwai ta, da wayar ƙasa, da tun ranar da aka fara jin tsirr hitar za ta ƙi zama a kunne, dole a gyara.

Duron kansa na juya gindinsa na ga lamba 2 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Irin wannan roba tana narkewa a wajen digiri 130, amma tun kafin ruwa ya tafasa ta fara laushi. Ramukan da aka huda zagayayyu sun koma kamar ƙwai, nauyin hita ya ja su ƙasa, tib ɗin ya ƙone ya yi tauri yana marmashewa a hannu. Ruwa na ɗiga ta nan yana sauka daidai kan salatif. Kuma ba wanda ya san abin da duron ya fara ɗaukowa kafin ya iso kasuwa, ko sinadarin masana'anta ne ko maganin feshi. Roba tana riƙe irin waɗannan, zafi kuma yana fito da su.

Famfon ne ya fi tayar mini da hankali. Likin dalmar da ke jikinsa ya yi dususu, ya rarake. Mu 'yan Zamfara ba a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka yi aikin share ƙasa a Bagega, duk saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba ina kwatanta ɗan likin famfo da wancan bala'i ba ne. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, yara ne kuma ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa, a hankali, ba tare da wata alama a fili ba. Su wa suka fi shan zoɓon leda? Tagulla ma kanta sau da yawa akwai dalma a haɗinta. Haka tukwanen da muke kira na dalma: alminiyam ne, amma daga tarkacen ƙarafa ake narka su, in aka yi rashin sa'a har da abin da ke ɗauke da dalma ta gaske. Su ma ban so a bar abu mai tsami ya kwana a cikinsu.

Na je wurin wanda ya haɗa duron, dattijo ne, ya girme ni nesa. Na gaishe shi na ajiye hitar a gabansa. Ya juya ta, ya sa farce a tsagar, ya yi shiru.

"Baba, me ya hana a sa at?"

"Yaro, gidan ma ba shi da shi, ina zan ɗaura? In na ce ta sayi rodi da bireka da waya mai kauri, kuɗin ya ninka uku, sai ta tafi wajen wani. Kuma ni ruwa na ce ta dafa, ban ce ta dafa soɓo a ciki ba."

Akwai gaskiya a maganarsa, ban kuma raina basirarsa ba. Irin su ne suke riƙe da talaka, su ke tayar da abin da ya mutu ya sake aiki. Inda ban yarda da shi ba shi ne shirun. In kuɗin mutum bai kai a yi abu lafiya ba, a gaya masa ƙarara me aka bari da abin da zai iya jawowa, in ya so ya zaɓa da idonsa a buɗe. Goggo ba ta taɓa jin kalmar at ba sai bayan 'yarta ta kwanta. Ya karɓi maganar, ya kuma gaya mini akwai wasu duro uku irin wannan da ya haɗa a unguwar.

Bayan sallah 'yan'uwa suka haɗa kuɗi muka sake gini daga tushe. Muka sami babbar tukunya ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai cin lita 50, mai walda ya huda ta da injin, aka ɗaura hita guda ɗaya mai wat 3,000, ita ma ta ƙarfen da ba ya tsatsa, da washa mai jure zafi. Bakin wayoyin na rufe su cikin akwati, ba inda ruwa ko yatsa zai kai. Famfon sabo ne, na sa shi sama da hitar da kamar yatsa uku, ta yadda ko an tara har ya daina zuba, hita na nan cikin ruwa. Na ja waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tun daga allon gida, ita kaɗai a layinta, ba filogi ba soket, sai makunni mai amfiya 20 irin na na'urar sanyaya ɗaki. Na kafa rodin jan ƙarfe a ƙasa mai danshi bayan ɗaki na ɗaure jikin tukunyar da shi, na sa RCD mai miliamfiya 30. Sannan na ƙara abin da nake ganin ya fi dacewa da irin wutarmu: kontakta mai maɓalli kore da ja, irin ta injin burtsatse. In an ɗauke wuta tana sakin kanta, in an dawo da ita ba abin da zai kunnu sai mutum ya zo ya danna kore. Murfin a sake yake, ban yarda a ɗaure shi ba, domin ruwa in ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700 na inda yake. Tukunyar na kan dakalin bulo a lungu, nesa da hanyar yara.

Goggo ta yi ƙorafin jinkiri, kuma tana da hujja. Ɗaga lita 50 daga digiri 30 zuwa tafasa yana cin yunit 4 da ɗan kai. Da hita biyu awa guda ne, da guda ɗaya awa ɗaya da minti 20 ko fiye. In wuta ta zo ba ƙarfi, ta sauka zuwa bolt 180, hitar ba ta ba da ko kashi biyu cikin uku na zafinta, sai a haura awa biyu. Muka naɗe jikin tukunyar da tsohon bargo da buhun algarara, nesa da akwatin waya, abin ya ragu sosai.

Inda muka fi ja da ita shi ne sharaɗin da na kafa, cewa ruwa zalla kawai zai shiga tukunyar. Ta ce zoɓon da bai tafasa a wuta ba ba ya ja, masu saye za su gane. Na ce mu gwada. Ta wanke tiya guda ta zuba a farin bokiti sabo mai lamba 5 a gindi, irin robar da ke jure tafasasshen ruwa, muka sakar masa ruwa daga famfo yana tururi, ta rufe. Citta da kanumfari ta dafa su daban a 'yar tukunya kan gawayi. Bayan minti 40 ta buɗe, ta ɗebo a kofin gilashi ta ɗaga wajen rana, ja wur har ba a ganin yatsa ta bayansa. Ta kurɓa, ta miƙa wa Auta da ke zaune ƙafa a miƙe kan tabarma.

"Inna, wannan ya fi ma. Babu ɗanɗanon ƙarfen nan."

Yanzu duk ranar Juma'a Auta ce ke danna maɓallin gwaji na RCD ta ji ya yi ƙas, duk wata kuma ana jiƙa hitar da ruwan tsamiya a wanke ɓawon a ɗauraye. Cikin duro ukun da dattijon ya faɗa mini, mun je tare da shi gida biyu, sun yarda an cire nasu. Ta ukun mai kunun zaƙi ce, marayu huɗu take riƙo, ta ce ba ta da abin sake wani, kuma nata bai taɓa jan kowa ba. Na auna shi da mita, ya fara zurarwa. Na zare hitar na taho da ita, na bar mata buhun gawayi rabi, mun yi da ita ranar Asabar zan koma da rodi da RCD, ta riƙa biya kaɗan-kaɗan.